Wa Ke Riƙe Hannun Mai Mulki? Maraɗi daga Ɗan Kasawa zuwa Zamanin Takarda

Sarautar Maraɗi ƴan gudu ne suka kafa ta. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1807, Umarun Dallaji ya hau, zuriyar Korau kuwa, wato tsohon gidan sarautar Katsina, suka yi arewa. Labarin da aka gada ya ce sarkinsu, Magajin Halidu, ya faɗa rijiya a Ɗankama don baƙin ciki. Wanda ya gaje shi, Ɗan Kasawa, ya yi shekaru yana raɓe a ƙasar Damagaram, sarki ne a baki, ba gari ba ganuwa. Sai wajen 1819 mutanen kwarin Gulbin Maraɗi suka gaji da Mani, wakilin da sababbin masu mulkin Katsina suka ɗora musu, suka aika wa Ɗan Kasawa. Aka kawar da Mani, Sarkin Katsina ya sami wurin zama a Maraɗi.

Duk mai son ya gane iyakar ikon mai mulki a ƙasar nan, daga nan ya kamata ya fara. Sarkin da aka gayyato ya tarar da masu ƙasa a ƙasarsu: manoma, mahalba, masunta, maƙera, kowane dangi da babbansa da gadonsa. Annan kwari, wato masu bin addinin gargajiya, sun karɓi sarki Musulmi don yana da dawaki da mayaƙan da za su tsare su. Shi kuwa ya bar musu al'adunsu don dawakin nan da hatsinsu za su rayu. Malaman jihadi sun daɗe suna sukar irin wannan zama na Musulunci kusa da bori, kuma suna da hujjarsu ta addini. Amma ta fuskar mulki, yarjejeniya ce tsakanin masu buƙatar juna, ko da ba a rubuta ta ba, kuma mai buƙatarka ba ya taka ka yadda ya ga dama.

A cikin fada, masu riƙe hannun sarki su ne rukuni huɗu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki daga cikin ƴaƴan gidan sarauta, in kuma bakinsu ya zo ɗaya suna iya sauke shi. Su kansu ba sa hawa gadon. Dabarar da ke cikin tsarin ta isa a tsaya a dube ta. Ƙaura shi ke da rundunar yaƙi, amma ba shi da jinin da zai sa ya ce shi ne sarki. Galadima bābā ne, wato dandaƙaƙƙe, ba shi da ɗan da zai tara wa mulki. Durɓi kuwa tsatson Durɓawa ne, waɗanda suka riƙe Katsina tun kafin Korau, wato tsohon gidan da aka karɓe wa sarauta an ba shi kujera cikin masu naɗa sabon. Mai jini ba shi da runduna a hannunsa shi kaɗai, mai runduna ba shi da jini. Sauran ƙasashen Hausa ma sun san irin wannan majalisa: akwai Tara ta Kano, akwai Taran Gobir. Wanda duk ya ce sarkin Hausa na da shi ke da wuƙa da nama ba mai ce masa kul, bai san fadar Maraɗi ba.

Amma fa rukuni ba don talaka aka yi su ba. Manya ne masu tsare rabonsu. Haka abin yake a Ingila a 1215, lokacin da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da takardar nan ta Magna Carta, wadda ta ce ba za a kama ɗa a tsare shi ba sai da hukunci bisa doka. Ɗa aka ce, alhali yawancin manoman Ingila na lokacin suna ɗaure da gonakin iyayen gijinsu. A can ɗaruruwan shekaru aka yi kafin alkawarin ya sauko kan kowa. A nan kuwa tarihi ya nuna mana ɗaya fuskar abin. Ɗan Baskore ya yi sama da shekara 20 a kan gado daga tsakiyar ƙarni na 19, yana da ƙarfin da rukuni ke shakka, su ma suna da nauyin da yake shakka. Bayansa ma'aunin ya karkace. Ƙaura Hasau ya zama shi ke naɗawa shi ke tuɓewa, sarakuna suka riƙa hawa suna sauka cikin shekaru kaɗan, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa, sarauta ta rabu. An sami mai riƙe hannun sarki, shi kuwa ba mai riƙe nasa. Ga manomin Jiratawa ko na Madarunfa, wannan rikici na manya ƙarin hari ne da ƙarin kamu.

To talaka fa, me ke gare shi?

Yana da malamai da shari'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Suyuɗi ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar, Magili kuma ya rubuta wa Muhammadu Rumfa na Kano abin da ya wajaba a kan sarki. Ra'ayin cewa akwai dokar da ta fi sarki, kuma za a tambaye shi kan kowane talaka, ya girmi zuwan Nasara da shekara 400. Shi kansa Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera abubuwan da yake zargin sarakunan Hausa da su, ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, kamuwa, wato ƙwace dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki, da gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi, da cinye dukiyar wanda ya mutu. Mu jikokin waɗanda aka kora muna da dalilin jin zafin littafin, amma gaskiya ce a ce jerin nan ƙorafin talakawa ne na hakika, shi ya sa da yawansu suka bi jama'a. Gaskiya ce kuma cewa ƙanen Shehu, Abdullahi, tun yaƙi bai ƙare ba ransa ya ɓaci da yadda wasu ƴan jihadi suka koma neman mulki da dukiya, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya tuna wa masu mulki iyakarsu. Jangali da gaisuwa kuwa ba su mutu ba a ƙarƙashin sababbin sarakuna. Matsalar shari'a a wancan zamani ita ce alƙali sarki ke naɗa shi. In alƙali ya yi tsoron Allah fiye da tsoron fada, talaka ya dace. In ba haka ba, babu wata ƙofa ta gaba.

Abin da ya fi kāre talaka a aikace, a ganina, ƙafarsa ce. Ƙasa tana da yawa, mutane ne ba su da yawa. Arzikin basarake a lokacin ba a auna shi da faɗin gona, da yawan jama'a ake auna shi: wa zai yi noma, wa zai gyara ganuwa, wa zai bi shi yaƙi. Mai garin da ya matsa wa mutane zai wayi gari ya ga gidaje sun zama kufai, mutanen sun je sun yi caffa wurin wani, wanin kuwa da murna zai karɓe su ya yanka musu daji. Bara yana iya sauya ubangida. Gida guda yana iya tashi da rumbunsa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka faɗi, Gobirawa sun zo sun kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Fada biyu ke nan tafiyar hantsi tsakaninsu, ga Tasawa da Gazawa a gabas, ga Damagaram can gaba. Duk wanda ya ɓata da wannan yana da inda zai dosa, kuma kowane sarki ya san haka.

Sai dai kada a yi wa wannan ƴanci kwalliyar da ba tasa ba. Ƙarni na 19 ƙarnin yaƙi ne. Dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina, wanda matafiyin nan Bajamushe Barth ya ratsa a farkon 1851, ya zama ƙasar da ba mai zama sai mahara, garuruwan da ke cikinsa sun watse. Jama'a suka cure a kwarin gulbi, cikin garuruwa masu shinge da ganuwa. Mai gudu daga zaluncin basarake yana iya faɗawa hannun masu kamun bayi kafin ya kai inda za shi. Saboda haka mutum ba ya tashi shi kaɗai, da danginsa yake tashi, kuma wurin wani babba zai sauka. Abin da tsarin ya sani shi ne gida da dangi da ubangida. Mutum tilo, wanda ba na kowa ba, ba shi da wata kariya da ake kira tasa.

Ko a cikin gida haka ne. Gandu na maigida ne, kowa ya yi masa aiki, shi kuma ya ciyar ya biya haraji ya yi wa samari aure. Amma akwai gamana, ƴar gonar da matar aure ko saurayi ke nomawa a ranakunsa, abin da ya fito nasa ne, maigida ba ya taɓawa. Ina ganin a nan ne Bahaushen Maraɗi ya fi fito da abin da yake nufi da haƙƙin mutum shi kansa, kuma ya shata shi ne tsakaninsa da maigida tun kafin a zo maganar sarki. Mace kuma tana da yaji, tana da alƙali in aure ya ƙi, dukiyarta tata ce. Matan da suka fita daga aure suka zauna da kansu suna ƙarƙashin Iya, wadda ke shugabantar ƴan bori a Maraɗi kamar yadda Inna ke yi a Tsibiri. Ko su ɗin, da uwar ɗaki suke, da abin da suke biya.

Wanda duk waɗannan ƙofofi suka rufe masa shi ne bawa. Wannan wuri ne da masu yabon zamanin da ke saurin tsallakewa, kuma bai kamata ba. Dawakin Maraɗi sun kai hari cikin ƙasashen Katsina da Kano da Zazzau sun kamo mutane, kamar yadda na can suka kamo namu. Wasu danginsu su fanshe su, wasu a sayar da su arewa, wasu a zaunar da su a rinji. Shari'a ta ba bawa ƴan hanyoyi: murgu, inda zai yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa, da fansar kai, da ƴantawa don neman lada, da hukuncin cewa ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangijinta ɗa ba a sayar da ita, ɗanta kuma ɗa ne. Akwai ma bayin sarki da suka fi ƴaƴa da yawa iko. Amma bawan gona in ya yi abin da talaka ke yi, ya sa ƙafa ya tafi, sunansa gudajje, a bi sawunsa a komo da shi. Ikon da ya fi danne shi ma ba na fada ba ne, na wani mutum ne kamarsa, fada kuwa tana bayan mutumin.

A 1899 wani irin iko ya shigo wanda bai san rukuni ba, bai kuma buƙaci yardar kowa ba. Rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta ratso ƙasar Gobir da ta Katsina har Koran Kalgo. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. Abin lura shi ne dokar Faransa ta aiko mai tsawatarwa, aka kashe shi. Waɗanda suka tsayar da abin su ne masu riƙe da bindigogin, da suka ƙi ci gaba. Kuma abin da ya girgiza Faransa shi ne jinin kanar ɗinta, fiye da na dubban mutanen da aka kashe a hanya.

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila. Faransar da ta shelanta haƙƙin ɗan Adam a 1789 ta raba mutanen da take mulka gida biyu: ƴan ƙasa masu haƙƙi, waɗanda a Afirka ta Yamma kusan mutanen garuruwa huɗu ne kawai na Senigal, da sauran jama'a, talakawan mulki. A kan waɗannan aka ɗora dokar andijena. Kumandan yana iya jefa mutum gidan kaso har kwana 15, ya ci shi tarar da ta kai faranka 100, ba alƙali ba shaida ba ɗaukaka ƙara. Laifuffukan kuwa irin su jinkirin biyan lanho, wato haraji, ƙin fita aikin tilas, barin yanki ba izini, ko abin da kumandan ya ga raini ne. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai gidan kason. Ga lanho da ake biya da kuɗin Nasara a kan kowane kai, ga aikin hanya da ɗaukar kaya, ga ɗibar samari soja.

Ɓarnar da ta fi zurfi ita ce wadda aka yi wa sarauta. An bar rawani da tambari da algaita, an bar sunayen rukuni, amma naɗi da tuɓewa sun koma bariki. Sarkin da a da yake duban fuskar Ƙaura da Durɓi, yake tsoron kada jama'a su watse, yanzu fuskar kumandan yake duba, ladansa kuma daga cikin lanhon da ya tara ne. In ya tausaya wa talakawa ya kasa cika adadi, a sauke shi a ɗora mai iyawa. Ta haka basarake ya fi ƙarfi a kan na ƙasa da shi fiye da kakanninsa, ya kuma fi su rauni a gaban na sama. Da yawa daga cikin abin da mutane ke kira mulkin gargajiya yau, suna tuna shi da ɗaci, wannan sarauta ce ta zamanin bariki.

Ƙafa dai ba ta daina aiki ba. Iyakar da Nasara suka shata ta zama sabuwar mafita: lokacin ɗibar soja ko shekarar da lanho ya yi nauyi, gidaje da ƙauyuka sukan tsallaka zuwa Jibiya da Katsina da Daura, inda dangi suke. Can ma akwai haraji da aikin tilas, amma nauyin ya bambanta, kuma rahotannin kumandoji cike suke da kukan mutane sun gudu. Wannan kuka ya sa wani lokaci a sassauta. Ƙarewar hare-hare kuma ta buɗe dajin da a da ba a iya zama, jama'a suka fito daga kwari suka bazu a tudu suna kafa ƙauyuka, nesa da idon fada da na bariki. Dokar 1905 ta hana cinikin bayi, bayi da dama suka tashi suka kama gabansu, ko da yake Faransa ba ta matsa wa iyayen giji ba inda take buƙatarsu.

Shekara guda bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari ta sa Maraɗi ta hau tudu, dokoki suka sauya a jere. Aka soke andijena. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas, ranar 7 ga Mayu ta Lamine Guèye ta mai da talakawan mulki ƴan ƙasa. Karo na farko ke nan da aka rubuta cewa mutum, shi kaɗai, ba don danginsa ko ubangidansa ba, yana da abin da hukuma ba ta da ikon taɓawa. Ƴan Afirka da ke majalisar Faransa ne suka ƙwato shi, bayan ƴaƴan Afirka sun zubar da jini a yaƙin duniya na biyu.

Takarda kuwa sai da mai tsaron ta. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta yi ƙarfi a Maraɗi cikin direbobi da ƴan kasuwa da masu sana'a, kuma take da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano, ta ce a'a a ƙuri'ar Janar Digol ta 28 ga Satumba 1958 kan zama cikin tarayyar Faransa. Ta faɗi, gwamnan Faransa da yawancin sarakuna suna ɗaya ɓangaren. A 1959 aka haramta ta, Nijar ta shiga ƴancin kai a 1960 da jam'iyya guda. Da ƴan Sawaba suka shigo da makamai a 1964, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka tsare mutane da yawa, ciki har da waɗanda laifinsu zumunci ne ko tsohuwar ƙuri'a. Masu tsira suka yi abin da kakanninsu suka yi, suka tsallaka Kano da Katsina. Sojan da suka kifar da shugaban ƙasa Diori Hamani a 1974 sun saki fursunonin siyasa, ba a daɗe ba suka tsare Jibo Bakari da kansa shekaru da dama ba shari'a. Ƙasa ta sami ƴanci daga Faransa, amma kayan aikin kumandan suna nan a ofis, sai wanda ya zauna a kujerar ya sauya. Sai a taron ƙasa na 1991 aka zauna aka tuhumi wannan gado a fili.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma tsohuwar mafita ta toshe ba tare da wata doka ba. Jama'a ta ninka, saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona daga gulbi har Dakoro. Manomin da aka zalunta yau ba shi da dajin da zai sara, in ya bar gonarsa ya bar ta ke nan. Abin da ya rage masa shi ne kotu, ga wanda ya san hanyarta kuma yake da kuɗin mota.

Shari'ar da ta fi nuna inda aka kwana ta fito ne daga maƙwabta, ƙasar Ƙonni. An sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato baiwar da aka mayar ƙwarƙwara, a gidan wani mutum. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ita matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotun ƙasarta ta yanke mata wata shida kan auren maza biyu. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka kai maganar kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008, shekara 103 bayan dokar 1905. Laifin da kotun ta kama gwamnatin Nijar da shi shi ne alƙalanta sun ga bauta a gabansu ba su hana ba. Aka umarce ta ta biya Hadijatu sefa miliyan 10, ta kuwa biya.